Sarfun Surukina

Ranar da muka dawo daga kai surukina makwancinsa, jama'a iri uku ce ta cika layin gidansa a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, kowace tana satar kallon sauran. Akwai dattawan Hausawan Sudan da fararen rawunansu, waɗanda ya taso tare da su. Akwai ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da suka yo ayari daga Madinat Nasr, don da wuya ka sami ɗakin ɗalibi a can wanda bai taɓa gyara masa fanka ko butar dafa shayi ba. Sai wasu Misirawa huɗu a kujerun ƙarshe, masu tarin suma, ɗaya har da zane a damtse. Ban da ni da matata babu wanda ya san su, kuma a duk taron babu wanda ya kai su kuka. Babbansu likitan haƙori ne mai furfura a gemu. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa.

Dattawa suna cewa mutum ne da salla ba ta wuce shi. Ɗalibai suna cewa bai taɓa barin su koma da abu a lalace ba. Ladanin unguwa yana tambayar kowa wa zai riƙa duba masa lasifika yanzu. Da Likita ya zo kaina, sai ya riƙe hannuna da ƙarfi, ya koma ya zauna.

Ƙanen mamacin, wanda matata ke kira Baffa, ya jawo ni gefe.

"Malam, su wane ne waɗancan?"

"Abokan kiɗan Baba ne, Baffa."

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Khalas, ya isa. Da an yi addu'ar bakwai a kira mai bikiya ya kwashe tarkacen nan na ɗakinsa. Ba na so a riƙa tuna yayana da su."

Mai bikiya shi ne mutumin da ke bin layi da amalanke yana sayen tsofaffin ƙarafa da kayan da aka gaji da su. Abin da Baffa ke kira tarkace kuwa jita biyu ne, da wani akwatin ƙara sauti, da wani gwangwani. Kalmar ta soke ni, don ita surukina ya sha ji tsawon rayuwarsa, daga bakin masu salla da bakin makaɗa baki ɗaya. Saboda ita nake wannan rubutu.

Ni mutumin Zariya ne, karatu ya kawo ni Alƙahira. Nahawu da sarfu su ne abincina, musamman sarfu, ilmin juya kalmar Larabci daga siga zuwa siga. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Da na ga yarinyar da ta zama matata, na tambayi wani abokina ko 'yar wace ce. Ya ce, "Babanta Bahaushen Sudan ne, yana da rumfa a kasuwar Ataba. An ce gwanin sarf ne, shi da kansa yana cewa duk Masar babu kamarsa."

Na yi mako guda ina bitar littattafaina, ina haddace kalmomi masu wuyar juyi, don kada in je gaban malami in ji kunya. Ranar da aka ba ni izinin zuwa gaisuwa na sa babbar rigata, na shiga da sallama, na durƙusa. Na ɗan yi mamakin ganin wayoyi da kusoshi a inda nake zaton littattafai, amma na ce malamai iri-iri ne. Bayan gaisuwa, don in nuna ni ma ba baya ba ne, sai na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya gafarta Malam, akwai wani fi'ili da ya daɗe yana ba ni wahala, na ce bari in kawo shi gaban masu fannin."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya zol, wane fanni?"

"Sarfu, Allah Ya gafarta Malam."

Sai dariya ta kama shi har tari ya sarƙe shi. Ya kira matarsa ta zo ta ji, ita ma ta koma da gudu tana toshe baki. Ni dai ina durƙushe, gumi yana bin bayana. Da ya samu numfashi ya miƙa hannu ya ɗauko wata jita, ya cusa mata waya, ya ce, "Tashi ka zauna, ɗana. Ga sarfuna."

Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Babu waƙa, babu murya. Tsirkiya ɗaya mai kauri ce yake karkaɗawa da sauri har sautin ya zama kamar abu ɗaya mai gangarowa, kuma kowane bugu yana da wata jela mai ɗiga a bayansa, kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Daga baya na gane cewa kiɗan wasu Turawa ne masu hawa igiyar teku a kan katako, kuma sunan da suke kiransa da shi, idan ya faɗo bakin Bamisire, sai ya fito "sarf". Shi kuwa surukina ko iyo bai iya ba. Ruwa in ya wuce gwiwa, ya gama da shi.

Tun daga ranar bai daina tsokanata ba. Ko bayan an ɗaura aure, in na shigo sai ya ce, "Malam ya iso. Yau wane babi za mu ɗauka?" Ni kuma kunyar surukai ta hana ni ramawa. Kunyar nan tawa ta Zariya tana ba shi dariya, don ba na iya cin abinci a gabansa, ko ruwa ba na sha. Bai taɓa matsa mini ba. Sai ya zuba shayi ya ajiye kusa da ni, ya ce akwai kusar da ya manta a waje, ya fita. Ba ya dawowa sai ya ji ƙarar kofi a kan faranti. Shekara da shekaru yana mantuwar kusar nan saboda ni.

Labarin yadda ya haɗu da wannan kiɗa a rumfarsa na ji shi, a guntu-guntu. A Bur Sudan aka haife shi, kakanninsa mahajjata ne da suka tsaya a hanya. Yana saurayi yana dako a tashar jiragen ruwa, wani matuƙi ya bar masa kaset wanda babu rubutu a jikinsa, babu hoto. Ya saurara har kaset ɗin ya tsinke, ya liƙe, ya sake tsinkewa. Na tambaye shi me ya ja shi. Ya ce, "Ba a yabi kowa ba, ba a zagi kowa ba. Ka taɓa jin kiɗa haka a wajenmu?"

Abin lura shi ne bai san sunan kiɗan ba, bai san da wace jita ake yi ba, bai taɓa ganin akwatin da ake sa mata ba. Sauti kawai yake da shi a kunne. Don haka sai ya shiga farautarsa da hannunsa. Gyaran rediyo ma saboda haka ya koya, kuma shi ya ci da shi har ya ƙauro Alƙahira. Sai da ya tsufa, wayoyin zamani suka zo, sannan ya gano cewa abin yana da suna, yana da ma'abota, kuma ma'abotan suna da dokoki. Jita dole ta zama mai siffa kaza daga ƙasa kaza. Akwati dole ya zama na kamfani kaza, mai fata kala kaza. Ya kalli hotunan ya ce, "Kyawawa ne. Amma ni kunnena nake saya wa kaya, idona ba ya jin komai."

Jitarsa ta farko tsohuwar makaɗan biki ce, mai maɓallai jere a ƙirji, wuyanta da kauri kamar taɓarya. A ƙarƙashin tarin rediyoyi ya tono ta a Ataba. Ya ce ya zaɓe ta ne don muryarta siririya ce mai kaifi, ba ta nutsewa in an sa mata ruwa. Ya ɗaura mata tsirkiyoyi masu kaurin da in wani ya danna sai yatsansa ya yi jini. Ta biyun mai ramin ciki ce, wadda masana suka ce sam ba a yin wannan kiɗa da irinta don tana kuka in an ƙara sauti. Shi kukan yake so. Ya cusa mata auduga daidai gwargwado, ya bar mata kaɗan. Ya kuma ƙara mata wasu ƙarafa biyu a wuya don ya sami sautukan da ke tsakanin sautuka, irin na kiɗan Larabawa. Abin bugawa ma ba na jita yake riƙewa ba, dogon nan ne na masu kaɗa udu, garayar Larabawa.

Gwangwanin shi ne zuciyar abin. Na man shanu ne, babba. A ciki ya rataye wasu siraran sifirin da ya ciro daga wani mataccen ogan na coci ko na biki, shi ma bai sani ba. Sauti yakan bi ta cikinsu ya fito yana rawa yana ɗiga. Wannan yake kira jiƙa. Ya kan ce, "Amsa-kuwwa daban, jiƙa daban. Amsa-kuwwa maganarka take maido maka. Ni so nake sautin ya fito kamar an tsamo shi." Kalmar ta bi shi ko'ina. Shayi in bai yi ba, bai jiƙa ba. Huɗubar da ba ta taɓa zuciya ba, ba ta jiƙa ba. Kuma duk lokacin da ya gama kiɗa, komai daɗinsa, sai ya karkata kai ya ce, "Saura kaɗan. Bai jiƙa ba tukuna." Ya ce abin da ya rage masa akwati ne, don duk wanda ya gwada, ko ya yi tsafta da yawa ko ya yi hayaniya.

A kan akwatin ne muka yi saɓaninmu guda ɗaya, kuma ni ne marar gaskiya.

Ƙaramin masallacin layinsu ya sami sabon amfilifaya, sai ladan ya ba shi tsohon, wanda shi ne ma yake gyara shi tun da daɗewa. Wani ƙaton abu ne na ƙarfe, mai ƙwayayen gilas a ciki da suke yin ja in sun ɗau zafi. Surukina ya san muryar akwatin nan sarai, ya san shi yake nema. Amma ya ajiye shi wata guda bai sa masa jita ba. Rannan matata ta dawo daga gida ta ce, "Baba ya ce in tambaye ka. Akwatin da ya yi shekaru yana ɗaukar kiran salla, ya halatta a sa masa kiɗa?"

Tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron Allah ba ne, gara in faɗi gaskiya. Tsoron abokan karatuna ne, kada a ce wane ya halatta wa surukinsa jita da kayan masallaci. Sai na zauna na cika takarda biyu. Malamai sun yi saɓani, wasu sun ce kaza, wasu sun ce kaza, Allah ne mafi sani. Washegari matata ta dawo mini da takardar a ninke yadda na ba ta. Ta ce, "Ya ce ba malamai ya tambaya ba. Kai ya tambaya."

Makonni ya yi ba ya tsokanata. In na gaishe shi ya amsa da kyau, shi ke nan. Babu "wane babi", babu mantuwar kusa. Ban taɓa sanin rashin tsokana yana da ciwo haka ba. A ƙarshe wurin ladan ya koma, tsoho Basa'ide, mutumin kudancin Masar, wanda bai yi rabin karatuna ba. Ladan ya ce masa, "Ya Hajj, muryata ce ke ibada. Ƙarfe da gilas ba sa alwala. Ɗauki abinka." Ya ɗauka, amma ya kafa wa kansa doka biyu. Ba ya ajiye akwatin a ƙasa, kuma da an fara kiran salla yake kashe shi, ko a tsakiyar kiɗa ne. Ni kuma ya yafe mini ba tare da an yi maganar ba. Wata rana kawai na shiga ya ce, "Malam mai takarda biyu ya iso."

Likita da mutanensa a rumfa suka same shi. Sun kawo gyaran akwatinsu mai tsada, irin na hotuna. Da ya gama ya ɗauki jitarsu don gwaji, ya gangaro musu da tsirkiya ɗaya tun daga sama har ƙasa. Suka dubi juna. Ashe akwai 'yan tsirarun masoya wannan kiɗa a Alƙahira, kuma suna taruwa lokaci-lokaci da la'asar a saman wani dogon bene a tsakiyar gari. Suka gayyace shi. Ya dawo gida ranar yana ta kai da kawowa, ya ce wa matarsa, "Ashe ba ni kaɗai ba ne mahaukaci a garin nan."

Murnar ba ta daɗe ba. Da suka zo gida gwaji suka ga kayansa, sai dariya. Tsananinsu a kan kaya ya fi na duk wani ɗan mazhaba da na sani a jami'a. A kan idona Likita ya ɗaga gwangwanin da yatsa biyu ya ce, "Ammu, hannunka zinariya ne, amma wannan tarkacen ka bar shi a gida. Za mu ba ka na asali."

Surukina ya karɓe gwangwaninsa a hankali. Ya ce, "Na asali na wa? Ku hoto kuka fara gani sannan kuka ji sauti. Ni sauti na fara ji. Da su zan zo, ko kuma ku sha kiɗanku lafiya."

Suka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. Daga ƙarshe Likita ya ce ma'alish, ba komai, ya zo da su, amma shi zai fara, minti goma. Kowa ya gane ma'anar. A sa tsoho ya yi abinsa tun rana na da zafi, mutane ba su gama hawowa ba, a wuce wurin. Da suka tafi ya daɗe yana shafa wuyan jitar. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sau ɗaya nake so waɗanda suka san abin su ji shi daga nawa. In sun ce tarkace ne bayan sun ji, na yarda."

Na ce, "Baba, ni zan ɗauki akwatin."

Ya ɗago. "Da hularka da jallabiyarka? Abokanka fa?"

"Su gani."

Ranar, na'urar hawa benen ta lalace. Hawa tara na yi da akwatin masallaci a kafaɗa, ina tsayawa ina haki, shi yana gaba da jita biyu yana cewa, "Yalla, Malam, wannan babin ba ya cikin littafi." A sama muka tarar da mutane ba su fi cikin tafin hannu ba, suna neman inuwa. Na ɗora akwatin a kan kujera. Sunan masallacin yana nan a jikinsa da farin fenti. Ya kunna, ya tsaya jiran ƙwayayen su yi zafi, don irin wannan akwati ba a yi masa gaggawa. Shirun ya yi tsawo. Wani saurayi ya ce, "Kiran salla za a yi ne?" Aka yi dariya. Kunnuwana suka yi zafi, na ji kamar in nutse. Shi ko a jikinsa, yana kallon ƙwayayen har suka yi ja.

Sai ya sa ƙafa ya ɗan shuri gwangwanin.

Sifirin ɗin ciki suka yi wata ƙara kamar an kifar da randa cike da ruwa a kan siminti. Tattabarun da ke kan benen maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Kafin ƙarar ta mutu ya hau kanta da tsirkiya mai kauri, ya gangaro, ya sake hawa. Akwatin nan da aka gina don ya kai muryar mutum ɗaya ƙarshen unguwa ya ɗauki siririyar muryar jitar ya cika sararin da ita, da ɗan gurnani a ƙasa wanda ba na jin akwatin hotuna zai iya. Ya shiga sautukan nan na tsakani, sai kiɗan Turawan ya juya ya zama wani abu da kunnen kowane Bamisire ya sani tun yana goye. Na ga wanda ya yi maganar kiran salla ya ajiye kofinsa.

Mai gangar Likita bai jira a kira shi ba, ya zauna ya bi shi. Mai jita mai kaurin murya ya bi. Masu hawowa suka riƙa shigowa da gudu suna haki suna tambaya wane ne. Mata suka fito saman benayen kusa da kwandon shanya a hannu suka tsaya. Minti goma suka wuce, Likita ya dubi agogo, ya cire shi ya sa a aljihu. Duk lokacin da surukina ya yi kamar zai tsaya sai a yi ca a kansa. Ya sauya zuwa mai ramin ciki, ya bar ta ta yi kukanta, ya lanƙwasa kukan yadda yake so. Ni da na zo ɗaukar kaya, na tsinci kaina ina buga ƙafa, hulata a hannu. Daɗi na ji, da alfahari, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ba ni shahadar kammala karatu.

Yana tsakiyar wata gangara aka fara kiran magariba daga masallatai. Ya ɗaga hannu daga tsirkiya, ya kashe akwatin. Wurin ya yi tsit. Ya ce, "Ina alƙibla a nan?" Sai da ya faɗi haka sannan tafi ya ɓarke. Likita ya zo ya durƙusa a bayan akwatin yana leƙe, ya leƙa cikin gwangwanin, ya ce, "Ammu, don Allah me ke ciki?"

"Abin da kuka zubar," in ji surukina.

Likita ya kama kan surukina ya sumbata. A matakala muna saukowa, ina gaba da akwatin, na ji ya ce a bayana, a hankali, "Yau ya jiƙa." Ban waiwaya ba, don na san ba zai so in ga fuskarsa ba.

Bayan haka rumfarsa ta zama makaranta. Samari masu suma suka riƙa bin ladanai suna tambayar tsofaffin akwatuna, har ladaninmu ya zo ƙorafi wai an hana shi sakat. Masu jita na asali suka koma tonon juji a Ataba. Ya hau benen nan sau da yawa, kuma ba a sake sa shi farko ba. Ciwon da ya ɗauke shi bai ja lokaci ba. Kwana kaɗan ya yi a kwance, yana tsokanar masu jinya, ya cika da safe bayan ya yi salla a zaune.

Baffa bai taɓa hawa benen ba, bai taɓa yarda ya saurara ba. Ranar addu'ar bakwai, bayan baƙi sun watse da hantsi, ya tara mu a falo, ni da matata da mahaifiyarta. Mai bikiya yana ƙasa yana jira. Baffa ya ce, "Kai ne malamin gidan. Faɗa musu kayan wasa ba dukiya ba ne, ba sa shiga gado. A fitar da su."

Na san akwai malamaina da suke faɗin haka, kuma ina girmama su. Na san kuma yadda ake cika takarda biyu. Na ce, "Baffa, ni ka tambaya, kuma ni zan amsa. Dukiya ce. Aikin hannunsa ne na tsawon rai, mutane suna nemansa, suna amfana da shi. Yana shiga gado. Ba wanda zai zubar da rabon 'yarsa da na matarsa." Na dube shi na ƙarasa. "Kuma tunda Baba bai bar ɗa namiji ba, kai ma kana da rabo a ciki."

Surukuwata ta ja mayafi ta rufe baki. Karo na farko ke nan tun rasuwar da na ga kafaɗunta suna rawa ba don kuka ba.

Baffa ya dube ni. "Wato ni yanzu ina da jita?"

"Kana da wani yanki na jita, Baffa. Da na akwati, da na gwangwani."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To a kunna in ji abin da na gada."

Matata ta tashi ta kunna. Muka zauna muna jiran ƙwayayen su yi ja. Ba ta iya kiɗa ba, tsirkiya mai kauri kawai ta ja sau ɗaya, ta ɗan taɓa gwangwanin da yatsan ƙafa. Sautin ya cika ɗakin, ya yi ta ɗiga yana raguwa har ya ƙare.

Carbin ya tsaya a hannun Baffa. Ya ce, "Sake."

Ta sake.

"Ƙarƙashin gadar tashar jiragen ruwa ke nan," in ji shi. "Inda ruwa ke dukan ƙarafa. Can muke ɓuya ni da shi in an aike mu." Ya goge ido da bakin rawani. "Ya sha ce mini in zo in ji. Ban san abin da yake so in ji ke nan ba."

Ya miƙe ya leƙa ta taga, ya ce wa mai bikiya ya tafi, babu kaya. Ya juyo ya nuna mu da yatsa. "Kada wanda ya taɓa mini rabona."

Allah Ya yalwata wa Baba makwancinsa, Ya karɓi sallolin da ya katse kiɗa dominsu, Ya yafe masa abin da mu ba mu sani ba. Kayan suna nan a ɗakinsa, akwatin a kan kujera. Likita da mutanensa suna zuwa aro, kuma wurin Baffa suke neman izini. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo da tsumma a aljihu ya goge rabonsa, kuma na lura ba ya tsayawa a iyakar rabon.